Ku Tambayi Kawu: Daga gwangwanayen Jos zuwa kalangu a sararin samaniya

Assalamu alaikum jama'a. Wannan satin kamar kun haɗa baki, kusan duk saƙonnin da suka shigo a kan kiɗan fina-finan almarar kimiyya ne masu dogon zango, irin na jiragen sararin samaniya da baƙin halittu da masu tsallaka zamani, shi ya sa na tara su wuri guda. Masu tambayar ƙwallo ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Jikana ne yake kallon wani shiri a waya wai shi Doctor Who, da kiɗan farkon shirin ya tashi sai na ji kamar na san shi tun zamanin talabijin mai baƙi da fari. Yaron ya ce min wai har a Jos an taɓa tsintar faifan shirin bayan su Turawan sun ɓatar da nasu. Gaskiya ne ko surutun yaran zamani ne? Kuma da wane irin abin kiɗa aka yi wannan sautin? Daga wani dattijo a Tudun Wada.

AMSA: Baba ranka ya daɗe, jikan nan naka bai yi maka ƙarya ba, a ƙara masa kuɗin data. Doctor Who shirin BBC ne na Ingila, an fara nuna shi ranar 23 ga Nuwamba 1963, kuma a wancan zamanin BBC tana sayar wa tashoshin ƙasashen waje shirye-shiryenta ne a kan zaren fim cikin gwangwani, wannan tasha ta gama nunawa ta miƙa wa waccan, Najeriya na cikin masu saye. Su kuma can gida kaset ɗin bidiyo tsada gare shi ba wasa ba, sai suka riƙa goge tsofaffin shirye-shirye suna ɗora sababbi a kai, ba wanda ya kawo a ransa cewa wata rana za a zo ana neman abin ido rufe. Haka kashi sama da 100 na shirin suka salwanta.

A watan Oktoba 2013 aka sanar cewa wani Bature mai suna Philip Morris, wanda aikinsa kenan bin ɗakunan ajiya na tsofaffin tashoshi ƙasa-ƙasa, ya tarar da gwangwanaye a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos, kashi 11, kuma 9 daga ciki duniya ta riga ta fidda rai da su. Labarai biyu ne, The Enemy of the World da The Web of Fear, na tsakanin 1967 da 1968 lokacin da Patrick Troughton ke fitowa a matsayin Dakta, wato jarumin shirin. Kafin nan kashi 106 ake nema, tsintuwar Jos ta mayar da su 97 a lokacin. Abin da ya fi burge ni a labarin ɓatan nan shi ne hoto ne kawai ya ɓata, sauti bai ɓata ba ko na kashi ɗaya, saboda akwai 'yan kallo a Ingila da suke kara rikoda a jikin talabijin suna naɗar murya duk sati don su sake saurare, to kaset ɗinsu ne ya ceci maganganun da kiɗan gaba ɗaya.

Batun abin kiɗa kuwa Baba, amsar ita ce babu shi. Ron Grainer ne ya rubuta kiɗan a takarda, amma wadda ta mai da shi abin da kunnenka ya riƙe wata mata ce Delia Derbyshire, ta karanta lissafi da kiɗa a Cambridge, tana aiki a sashen gwaje-gwajen sauti na BBC da ake kira Radiophonic Workshop. Lokacin ba irin fiyanon lantarkin nan da yaranmu ke dannawa a situdiyo yanzu. Tsirkiya guda ɗaya aka kaɗa aka naɗi ƙararta a zaren kaset, sai a ƙara gudun zaren ko a rage don muryar ta hau ko ta sauka, kowane sauti a yanko shi da reza a jona da salatif, guntu bayan guntu, haka aka gina wannan dum-dum-dum ɗin na ƙasa. Wancan kuma mai kama da kuka da ke yawo a sama, daga na'urorin gwajin kayan lantarki aka tatso shi, waɗanda asalinsu ba don kiɗa aka ƙera su ba sam. Da aka gama sai a ɗora zaren a kan injuna daban-daban a danna su lokaci guda da hannu, in ɗaya ya riga ɗaya a koma farko. Ka ji wahala. Grainer da kansa ya so a sa sunanta tare da nasa amma tsarin gidan bai yarda ba, ta rasu a 2001, sai a 2013 wajen cikar shirin shekara 50 sunanta ya fito a allo. Shi ma ƙarar da akwatin da Dakta ke tsallaka zamani a cikinsa ke yi in zai tashi, wani abokin aikinta Brian Hodgson ne ya goga makulli a jikin tsirkiyoyin wani tsohon fiyano ya naɗa ya sarrafa.

Kuma ka gaya wa jikan naka ya ƙara da wannan a cikin iliminsa, daga 2018 zuwa 2022 wanda ya riƙe kiɗan shirin Segun Akinola ne, ɗan asalin Najeriya haifaffen Ingila, bayan Murray Gold da ya riƙe tun 2005, kuma da ya zo sabunta taken shirin sai ya koma ya ɗauko ainihin sautin Delia ya gina nasa a kai. Ni dai a kunnena nasa ya fi kusa da ruhin na asali, na Gold ya cika ƙaho da goge kamar ana rakiyar sojoji, ko da yake na san masoyansa za su cika min akwati da saƙo.

TAMBAYA: Kawu don Allah raba mana gardama, kullum a teburin mai shayi sai mun yi ta. Abokina ya dage wai kiɗan Star Trek na farko da abin nan aka yi da ake kaɗawa ba tare da an taɓa shi ba, ni kuma na ce muryar mace ce. Kuma wanne ya fi tsakanin na farkon da na The Next Generation? Daga wani mai ɗinki a Kawo.

AMSA: Ƙanena kai ka ci, ya biya shayin har da ƙwai. Abin da abokinka ke nufi sunansa teramin, wani Barashe Leon Theremin ya ƙirƙiro shi wajen 1920, akwati ne da ƙarafa biyu, kana kai hannu kusa kana janyewa sauti na hawa yana sauka, kuma gaskiya an yi ta amfani da shi a fina-finan baƙin halittu na shekarun 1950 har mutane suka ɗauka duk wani sauti mai rawa-rawa a irin fina-finan nan shi ne. Amma a taken Star Trek na asali wanda Alexander Courage ya rubuta, muryar wata mawaƙiya ce Loulie Jean Norman aka cakuɗa da kayan kiɗa, tana jan murya ba kalma ko ɗaya. In yana son ya ji teramin na gaske a shiri mai dogon zango ya nemi Loki na 2021, Natalie Holt ta sa shi a ciki.

Akwai ma wani ɗan rikici a bayan wannan taken, mai shirin Gene Roddenberry ya je ya rubuta wa kiɗan baitoci waɗanda ba a taɓa rerawa a shirin ba, amma saboda su ya samu rabin kuɗin haƙƙin mallaka, Courage bai ji daɗin abin ba ko kaɗan. Kun ga ba a masana'antarmu kaɗai ake irin wannan ba.

Wanne ya fi? Na The Next Generation na 1987 ai aro ne, Jerry Goldsmith ya rubuta shi don fim ɗin silima na 1979, aka ɗauko aka manna masa busar buɗewa ta Courage a gaba. Ya fi cika da ƙasaita ba musu. Amma in ni za ka bi, a cikin dangin gaba ɗaya na Voyager na 1995 ne sarki, shi ma na Goldsmith, a hankali yake tafiya kamar mai kewar gida, kuma labarin kenan, jirgin da ya ɓata nesa yana neman hanyar komawa. Wanda bai karɓu ba shi ne na Enterprise a 2001 da suka sa waƙa mai baiti irin ta rediyo, masoya har takardar koke suka yi ta sa wa hannu a cire.

TAMBAYA: Kawu malaminmu na fiziks ya ce sauti ba ya tafiya a sararin samaniya, to me ya sa a fim muke jin ƙarar jirage da fashewa? Daga wata ɗaliba a Malali.

AMSA: 'Yata malaminku ya yi daidai. Sauti girgiza ce, sai da abin da zai girgiza, iska ko ruwa ko ƙarfe, a iskar da muke shaƙa yana gudun kusan mita 343 a daƙiƙa, inda babu iska kuwa shiru ne ko dutse ya fashe a gabanki. Masu fim sun sani sarai, sun dai san ɗan kallo zai yi hamma ne in aka yi yaƙi ba ƙara. Akwai waɗanda suka bi gaskiya, Firefly na 2002 in kyamara ta fita wajen jirgi ba ƙarar inji ba ta bindiga, kiɗa kawai ake bari ya ɗauki nauyin wurin. A duniyar Mars kuma akwai 'yar iska, motar binciken Perseverance ta naɗo sauti a can a 2021, sai dai ya fi namu rauni kuma ya fi tafiya a hankali.

TAMBAYA: Kawu ni sana'ata tura wa mutane fina-finai a waya. Kwastomomi sun fi son mai fassarar Hausa, amma wasu na ƙorafi wai a mai fassara kiɗan yana mutuwa, da an fara magana sai komai ya ɗauke. Laifin turawata ne ko daga can ne? Daga wani mai shago a Kasuwar Barci.

AMSA: Ba laifinka ba ne ɗana, kebul ɗinka lafiya lau. Yadda abin yake, kamfanin da ya yi fim yana ajiye sautinsa ne kashi-kashi, maganar 'yan wasa daban, kiɗa daban, ƙararraki irin takun ƙafa da rufe ƙofa da harbi daban. In za a fassara a hukumance zuwa Faransanci ko Larabci sai su ba mai fassara kiɗan da ƙararrakin zalla ba magana, ya ɗora muryoyinsa a kai, shi ya sa ba ka jin wani gibi. Mai fassarar da ya sauko da fim daga intanet kuwa dunƙulallen sauti ya samu, komai a haɗe, to don a ji Hausarsa dole ya danne sautin gaba ɗaya duk lokacin da zai yi magana, kiɗan ya tafi tare da Turancin, ya yi shiru kuma abin ya dawo da ƙarfi bagatatan har mai iyafis ya zabura. Wasu don su toshe ramin sai su ɗauko wani kiɗan na daban su shimfiɗa a ƙasa, nan ne za ka ga jirgi na ratsa taurari ana kiɗan soyayya na Indiya. Yanzu akwai manhajojin da ke iya raba murya da kiɗa kuma wasu masu fassara sun fara kyautata aikinsu da su. Shawarata ka riƙa ajiye kala biyu, mai son labari ka ba shi fassara, mai ƙorafin kiɗa ka ba shi na asali mai rubutu a ƙasa.

TAMBAYA: Kawu ina da ƙaramin situdiyo, ina yi wa mawaƙa kiɗa, yanzu wasu abokaina suna son mu yi gajeren shiri na YouTube a kan Kaduna ta shekara 100 nan gaba. Na ce mu sa kalangu da gurmi suka yi min dariya wai abin zai koma fim ɗin ƙauye, dole sai irin kiɗan Turawa mai goge da yawa. Ni kuma fiyano ɗaya gare ni da tsohuwar kwamfuta. Ya zan yi? Daga wani matashi a Rigasa.

AMSA: Ɗana ka ce Kawu ya ce su zo su zauna a yi musu karatu. Su Turawan da suke kwaikwayo tuni suka gaji da wancan salon suka bazama duniya neman irin abin da kai kake da shi a bayan gida.

Ɗauki Battlestar Galactica na 2004. Masu shirin da gangan suka guje wa ƙahonnin nan da aka saba ji a yaƙin taurari, mai kiɗan Bear McCreary, lokacin yana ɗan shekara ashirin da wani abu, ya cika yaƙe-yaƙen da manyan gangunan Japan da ake kira taiko, wurin baƙin ciki kuma ya sa duduk, wata 'yar algaitar Armeniya mai taushin murya. Ganguna zalla jirage na kai wa juna hari, kuma wallahi ya fi tayar da tsikar jiki. The Mandalorian na 2019, sautin da kowa ke gane shirin da shi wata babbar sarewa ce da mai kiɗan Ludwig Göransson ya hura da bakinsa. Shi dai wannan mutumin ɗan Suwidin, da zai yi kiɗan Black Panther sai da ya tafi Senegal ya bi Baaba Maal yawo, ya sa tama ta zama muryar sarkin da ke fim ɗin, ita tama ɗin ƙanwar kalangu ce, a hammata ake matse ta tana magana, abokin gabar sarkin kuma ya ba shi sarewar Fulani, ya ci Oscar da wannan aikin a 2019. Sarewar da muke ji a bakin makiyaya in ka fita hanyar Birnin Gwari ko Kachia fa. Ga kuma Iwájú na 2024, zanen Legas ta nan gaba da Disney suka yi da kamfanin Kugali, ɗan Najeriya Ré Olunuga ne ya yi kiɗan.

Batun kayan aiki kuma kar ya dame ka. Ka karanta amsar da na ba Baba a sama, reza da salatif. Taken The X-Files na 1993 da har yau ake sa shi a bidiyon barkwanci in abu ya ɗaure kai, Mark Snow ya sha faɗa cewa amsa-kuwwar nan ta fito ne da ya jingina hannunsa a kan fiyano cikin gajiya alhali na'urar maimaita sauti na kunne, ya ji ya ce to wannan ne. Kwamfutarka komai tsufanta ta fi duk abin da mutanen nan suka taɓa riƙewa.

Amma ga inda nake so ka fi sa hankali. Abin da manyan masu kiɗan fim suke yi shi ne su ba kowane jarumi da kowane wuri 'yar gajeriyar karin sauti tasa, da ka ji ta ka san waye ke tafe tun kafin ya bayyana, in yana cikin nasara a buga ta da ƙarfi, in ya faɗi a ja ta a hankali da abin busa guda ɗaya. To wannan ai take ne. Ɗan dambe yana jin takensa tun daga bayan fage jikinsa ya ɗau rawa, mahauta da nasu, manoma da nasu a gayya, sarki kuwa kakaki da tambari sun isa sanarwa. Kai da ka tashi cikin wannan bai kamata wani ya koya maka ba. Ka zauna da marubucin ku, ka ƙirga manyan mutanen labarin, kowa ka yanka masa take na sauti huɗu ko biyar, kar ya wuce abin da yaro zai iya yi da fito a hanya.

Sai dai zan ba abokanka gaskiyarsu guda ɗaya, in ka ɗauko kalangu ka buga shi yadda ake bugawa a gidan biki to gidan biki ɗan kallo zai tuna, ba makawa. Dabarar ita ce ka raba abin kiɗan da inda aka saba jin sa. Ka nemo mai gurmi na gaske ka biya shi, kar ka dogara da na cikin fiyano, ka naɗi kaɗawar tsirkiya ɗaya tak, ka ja ta ta yi tsawo, ka saukar da muryarta ƙasa sosai, ka juya ta baya, ka sa mata amsa-kuwwa. Ka naɗi kukan goge ko kukuma a ɗaki mai faɗi. Shantu ma in aka rage masa gudu wani irin gurnani yake bayarwa da zai dace da cikin inji. Ka je tashar jirgin ƙasa da ke nan unguwarku ka tsaya daga waje ka naɗi ƙarar ƙarfe a kan dogo, ka shiga Panteka ka naɗi masu bugun ƙarfe, da izininsu dai kar a fasa maka waya. Sannan ka koyi yin shiru, wannan ita ce cutar yawancin fina-finanmu, fiyano ba ya hutawa tun daga farko har ƙarshe, ana gaisuwa kiɗa ana cin tuwo kiɗa, to ranar da abin tsoro ya zo da me za ka nuna shi? In kun gama ku turo min in gani.

TAMBAYA: Kawu yarana sun nace wa wani Stranger Things, ƙaramin ɗan shekara 7 ko daga ɗaki ya jiyo kiɗan farkon sai ya rugo ya maƙale ni, alhali bai ma ga hoton ba. Me ke cikin kiɗan nan? Daga Maman yara a Unguwar Rimi.

AMSA: Hajiya ba wani asiri a ciki, aikin gwanaye ne kawai. Mutum biyu suka yi shi, Kyle Dixon da Michael Stein daga Austin a jihar Texas ta Amurka, da tsofaffin fiyanon lantarki irin na shekarun 1980 don a wancan zamanin labarin ke faruwa, Netflix ta fara sakin shirin a 2016. In kin saurara za ki ji sautuka 'yan kaɗan ne suke hawa suna sauka suna maimaita kansu ba sa kai wa inda kunne zai huta, a ƙarƙashinsu kuma akwai wani bugu mai kauri kamar bugun zuciya, jikin mutum yana ɗaukar irin wannan a matsayin gargaɗi tun kafin hankali ya fassara, yaro kuma bai da dabarar ce wa kansa ai fim ne. In a babbar sifika suke kunnawa abin ya fi tsanani don ita ce ke fito da kaurin, ta waya ba ta iya wa.

Shi shirin ma ba na ɗan shekara 7 ba ne Hajiya, a Amurka tun farkon fitowarsa 'yan 14 zuwa sama aka yi wa alama, kuma zangon baya-baya sun fi na farko muni, akwai jini da dodanni sosai. Manyan su sa iyafis ko su bari sai ya yi barci, shi kuma a nema masa Iwájú ɗin da na ambata, kashi 6 ne kacal, ku kalla tare.